Ina Ya Kamata a Ɗaura Ƙwaƙwalwar Inji a Tsohuwar Mota?

A wannan mako wasiƙu uku ne suka iso mana a kan magana ɗaya: ɗaya daga Gumel, ɗaya daga Funtuwa, ta ukun kuwa daga Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Za mu ɗauki ta Gumel don ta fi cikakken bayani, sauran biyun kuma za su tsinci tasu amsar a ciki.

Mai wasiƙar ɗan kasuwar hatsi ne. Ya ce yana da Fijo 504 a-kori-kura wadda yake cin kasuwannin ƙauye da ita. Injinta ya gaji, ga shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 abin ya fi ƙarfin aljihu, sai ya sayo inji ɗan Beljiyam mai injekta, na Toyota Hiace, aka ɗora mata. Injin ya zo da wani akwati mai wayoyi barkatai. Da aka gama aiki aka rasa inda za a sa shi, sai aka naɗe shi a leda aka ɗaure da roba a gefen batir. Yanzu da safe mota lafiya lau, amma da rana ta take sai ta fara shaƙewa, wani lokaci ta mutu murus a tsakiyar hanya da buhuna a baya, sai ta huce kafin ta tashi. Tambayarsa ita ce, ina ne mazaunin wannan akwati a motar da ba a ƙera ta da shi ba?

To, Alhaji, Allah Ya ba da kasuwa. Amsar a taƙaice: cire shi daga ɗakin inji ka shigo da shi cikin mota, ɓangaren fasinja, a bayan dashbod, can sama nesa da daɓen mota, bakin soket ɗinsa yana kallon ƙasa, a ɗaure shi da kusoshi a jikin ƙarfe, kuma a yar da ledar nan. Amma da yake ba kowace mota ce Fijo ba, ba kowane akwati ne kuma irin naka ba, bari mu bi dalilan, don kowa ya iya auna tasa motar da kansa.

Wannan akwati shi ne masu wayarin ke kira biren bokis, mu kuma muke ce masa ƙwaƙwalwar inji. Ƙaramar kwamfuta ce. A tsohon inji, kabireta ce ke gauraya mai da iska, dilko kuma ya raba wuta ga fulogai, duk da ƙarfe da sifirin, ba ruwansu da lissafi. A inji mai injekta kuwa, akwai wasu ƙananan na'urori da ake kira sansa, a manne a wurare daban-daban, kamar 'yan aike. Wannan ya kawo labarin yawan iskar da ta shiga, wancan ya kawo na zafin ruwan lagireto, wani ya faɗi inda fistin yake, wani ya faɗi yadda direba ya taka totur, wani kuma yana can a salansa yana sansanar hayaƙi. Ƙwaƙwalwa ta tattara wannan duka, ta yanke yawan man da nozil zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Tattalin man da ka biya kuɗi dominsa daga nan yake fitowa. In ta rikice, inji lafiyayye sai ya koma kamar mai ciwon asma.

Ita Fijo 504 an fito da ita a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, aka ci gaba har 2006. Waɗanda suka cika hanyoyinmu masu kabireta ne, saboda haka injiniyoyin da suka zana ta ba su bar wa kwamfuta gurbi ba, ba su huda mata hanyar wayoyi ba. Haka Fijo 404, haka tsohuwar Land Rover, haka Datsun. Duk wanda ya ɗora musu sabon inji, aikin da masana'anta ba ta yi ba shi ya koma kansa.

Kuma kada a ɗauka wannan matsala a kanmu aka fara ta. A 1958 kamfanin Chrysler na Amurka ya sayar da motoci kimanin 35 masu injekta na lantarki, ƙirar kamfanin Bendix. Kayan cikin akwatin nasu ba su jure zafi da laima ba, motocin suka dinga ba da wahala, har aka maida kusan dukkansu kan kabireta. Sai a 1967 kamfanin Bosch na Jamus, wanda ya sayi wannan fasaha ya gyara ta, ya fito da wadda ta yi ƙarko a motar Volkswagen 1600. Watau tun ran gini tun ran zane: zafi da ruwa su ne suka kayar da ta farko, su ne kuma ke kayar da ta yau.

Tambayar farko da za ka yi, tun kana gaban mai sayar da inji a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ita ce: a motar da aka ciro wannan akwati, ina yake zaune? Ƙwaƙwalwa iri biyu ce. Akwai wadda aka ƙera don zaman cikin mota, akwai wadda aka ƙera don zaman ɗakin inji, kuma ko mai sayarwa bai sani ba idonka zai gaya maka. Ta cikin mota gwangwani ne mara kauri, an haɗa murfinsa da ƙananan sukurori, in ka duba gefensa za ka ga 'yar kafa, soket ɗinsa kuma roba ce zalla, ba zoben da ke hana ruwa shiga. Ta ɗakin inji kuwa jikinta alminiyam ne mai kauri, sau da yawa da tsaga-tsaga a bayanta don fitar da zafi, an liƙe murfinta da danƙo, soket ɗinta yana da marfi mai kulle da zoben roba a ciki. Yawancin injinan Toyota da Nissan da Honda na shekarun 1990 masu irin ta farko ne. Toyota Camry ta wancan lokaci, alal misali, a bayan aljihun dashbod take ajiye tata. Ta ɗakin inji in ka shigo da ita ciki ba abin da zai same ta, ƙarin hutu ma ta samu. Ta cikin mota kuwa in ka fitar da ita waje, ka ɗauki ɗan birni ka kai shi noman rani ba hula.

Mu ɗauki zafi. Kayan lantarkin da aka yi don cikin mota galibi an gwada su ne zuwa digiri 85 a ma'aunin Salshiyos, na ɗakin inji kuwa zuwa 105 ko 125. Ruwan lagireto kansa yana aiki ne a wajen digiri 90, manifol ɗin da hayaƙi ke fita ta cikinsa kuma yana haura 500 in mota na jan kaya. Ƙara da ranar watan Afrilu a Gumel ko Nguru ko Sakkwato, inda iskar waje ma ta wuce 40 kafin ta ratsa lagireto. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, zafin ƙarƙashin bonet ya fi tsanani bayan an kashe mota, domin fanka ta tsaya, iskar tafiya ta tsaya, ƙarfe kuwa yana ta amayar da abin da ya haɗiya. A cikin akwatin akwai wasu 'yan gwangwanaye kamar guntun alli, ana ce musu kafasita, masu ruwa a ciki. Ƙa'idar da masu ƙera su ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Akwatin da aka ciro daga motar 1996 ya riga ya ci shekara kusan 30, ba shi da sauran kwanan da za a yi wasa da shi.

Nan ne maganar leda ta shigo, kuma zan ɗan daɗe a kanta don ta zama ruwan dare. Wanda ya naɗe ta da kyakkyawar niyya ya yi, yana gudun ruwa da ƙura. Sai dai ita ƙwaƙwalwa tana haifar da nata zafin, domin ita ke kunna nozil tana kashewa ba hutawa, kuma ta jikin gwangwaninta take fitar da shi. In ka naɗe ta a leda, ko soso, ko tsumma, ko ka cusa ta a katifar kujera don kada ta yi ƙara, ka lulluɓe mai zazzaɓi da bargo ke nan. Daɗin daɗawa leda ba ta hana laima, tara ta take yi. Ku manoma kun fi kowa sani: zuba masarar da ba ta gama bushewa ba a buhun leda ka ɗaure, ka dawo bayan kwana uku ka ga gumi a ciki. Haka iska ke shiga ta wajen wayoyi da rana, dare ya yi sanyi ya sauka, ta zama raɓa, ba kuma hanyar fita. Bayan 'yan watanni sai ka zare soket ka tarar ƙafafunsa sun yi kore. Akwati a bar shi tsirara, da tazarar yatsa biyu ta kowane gefe don iska ta zaga shi.

To cikin motar ma ba ko'ina ba. Kamfanonin da kansu sun sha koyon darasi a nan. Honda Accord ta 1990 zuwa 1997 a ƙarƙashin kafet take ajiye ƙwaƙwalwarta, daidai inda fasinjan gaba ke miƙe ƙafa, kuma duk mai wayarin da ya daɗe a sana'a ya ga wadda ruwa ya cinye bayan mota ta tsunduma a kududdufi. Golf 3 da ta cika tashoshinmu a kwarmin da ke gindin gilashin gaba take ajiye tata, kusa da injin waifa. Wurin ba zafi, amma da ganye da ƙasa sun toshe magudanar ruwansa sai ya zama tafki. In haka ta faru da motocin da aka zana musu gurbi tun daga masana'anta, ina ga a-kori-kurar da daɓenta ya fara cin tsatsa, robar gilashinta ta bushe ta tsattsage, kuma duk damina sai ta ƙetare rafi a hanyar kasuwa?

Saboda haka kafin a huda ko'ina, yi wannan gwaji, ba ya cin ko kwabo. Ka kwanta a wurin ƙafar fasinja da tocila, ka sa yaro ya kwarara bokiti biyu ko uku na ruwa a kan gilashin gaba da gindin waifa da saman ƙofa. Duk inda ka ga ɗigo ko danshi, wurin ya fita daga lissafi, ko kuma a gyara yoyon tukuna. Duba kuma akwatin hita da ke ƙarƙashin dashbod: in har yanzu tiyon ruwan lagireto na shiga cikinsa, kada a sa ƙwaƙwalwa ƙarƙashinsa, don ranar da ya fashe tafasasshen ruwa zai zubo mata. Wurin da ya tsira daga wannan gwaji, wanda kuma ya ɗara daɓen mota da kamu ɗaya ko fiye, shi ne naka. A yawancin tsofaffin motoci za ka same shi a jikin bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da cikin mota, ta ciki, sama da inda ƙafar fasinja ke kaiwa, ko a bayan aljihun dashbod in an ɗan rage zurfin aljihun.

A kafa ta bakin soket yana duban ƙasa, in bai yiwu ba ya dubi gefe, amma kada ya dubi sama. Ruwa yana bin waya kamar yadda yake bin igiyar guga. Don haka a bar damin wayoyin ya ɗan sauko ƙasa da akwatin sa'an nan ya hau zuwa soket, yadda duk ɗigon da ya biyo shi zai zube a gindin lanƙwasar kafin ya isa. Ramin da aka huda a bango kuma a sa masa zoben roba. Gefen ƙarfen da aka huda wuƙa ne, yana yanka a hankali, wata shida ko shekara, har ranar da waya mai wuta za ta taɓa jiki.

Sauran wuraren da ake yawan zaɓa, ga abin da na gani game da su. Ƙarƙashin kujera yana da sanyi, amma a motar kasuwa nan ruwa ke kwanciya, nan kuma jak da sifanu ke yawo. Bayan kujerar a-kori-kura ba laifi in an ɗaga shi sama an yi masa garkuwa, sai dai da wuya wayoyi su kai. Saman dashbod kuwa kada ma a fara, domin rana in ta bugo ta gilashi wurin yakan kai digiri 70. Cikin aljihun dashbod a sake, tare da takardun mota da goro, shi ma a'a. But ɗin baya ya yi nisa.

Nisa kuwa babbar magana ce, har ma sau da yawa tsawon wayoyin ne ke zaɓa maka wuri. Damin wayoyin da ya zo da inji an auna shi ne daidai da motarsa ta asali. Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa shi yadda yake, a ga inda soket ya kai ba tare da an ja shi ba, a nemi wuri mai kyau a nan kusa. Mai wasiƙar Maraɗi ya ce nasa soket ɗin ɓangaren direba ya faɗo, daidai kan kuloci da birki, yana tambaya ko an cuce shi ne. Malam, ba lalle ba ne. Mai yiwuwa injinka daga motar Japan ko Ingila aka ciro shi, inda sitiyari ke dama, fasinja ke hagu. Mu kuwa sitiyarinmu a hagu yake: Nijar dama can hannun dama take bi, Nijeriya kuma ta koma hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972. Sau da yawa in aka kwance naɗin damin aka juya shi ta bayan inji, zai kai ɗaya ɓangaren ba tare da an yanke ko waya ɗaya ba. In ya ƙi, gara a nema masa wuri can sama da sandar sitiyari, inda ƙafa da feda ba sa kaiwa, da a yanka wayoyi hamsin ko sittin a yi musu ƙari. In kuwa ƙarin ya zama dole, a yi shi ɗaya bayan ɗaya, da waya mai kauri iri ɗaya, a kama da dalma ko a matse da maƙalar kirki a rufe, ba a murɗa da hannu a naɗe da salatif ba. Murɗin hannu yana aiki ranar da aka yi shi, shi ya sa ake yaudaruwa da shi.

Dalilin wannan tsanani shi ne saƙon da sansa ke aikowa ɗan mitsitsi ne. Yawancinsu tsakanin rabin bolt ne da bolt 5, na salansa ma bai cika bolt ɗaya ba. Wayar fulogi kuwa tana ɗauke da bolt 20,000 ko fiye. Duk wanda ya taɓa kunna rediyo kusa da babur ko janareto ya ji ƙarar tar-tar-tar tana bin juyin inji, ya san abin da nake nufi, mu ma'aikatan rediyo kuwa tsohon abokin gabarmu ne. Abin da ke shiga rediyonka shi ke shiga wayar sansa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka saƙo ne, ta ba da wuta ba a kan lokaci ba. Don haka akwatin da damin wayoyinsa su nisanci kwayil da wayoyin fulogi da altaneta da babbar wayar kik, da aƙalla taƙi ɗaya. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Wayar sansan da ke karanta juyin inji tana da wata rigar saƙar ƙarfe a ƙarƙashin robarta, wannan rigar garkuwa ce, kada a yanke ta a yar. Sai fulogi: inji mai ƙwaƙwalwa yana son fulogi mai rage wannan hayaniya. A na kamfanin NGK harafin R ne alamarsa, kamar BPR6ES, saɓanin BP6ES wanda ba shi da ita. 'Yan kasuwar kayan mota, ku riƙa tambayar mai saye wane irin inji gare shi.

Wayoyin at na ƙwaƙwalwa, watau waɗanda ke maida wuta jiki, a ɗaure su a jikin inji inda kamfani ya tanada, a kankare fenti da tsatsa tukuna. A tabbata kuma akwai kakkaurar waya daga batir zuwa inji, da wata daga inji zuwa jikin mota. Kik yana jan amfiya 100 zuwa 200, in bai sami babbar hanyar komawa ba, ta siraran wayoyi zai bi, wani lokaci ta cikin akwatin kansa.

Maganar ɗauri ba ta da tsawo. A yanko farantin ƙarfe ko alminiyam, a kafe shi a jikin mota, a ɗaura akwatin a kai ta kunnuwansa na asali da kusoshi masu cin sifana lamba 10, da wasa mai hana kwancewa. Hanyoyinmu na burji masu tsakuwa da gargada suna karya dalmar da ke cikin akwati in yana rawa, don haka ɗan guntun robar tiyub tsakanin faranti da jiki yana taimakawa. In an sa roba, a ja gajeruwar waya daga gwangwanin akwatin zuwa jikin mota. Kada a huda gwangwanin, kada a ɗaura shi a jikin inji in ba a can aka same shi ba, kuma a ɗaure damin wayoyin a jiki kamar taƙi ɗaya daga soket, don nauyinsa kada ya rataya a kan ƙafafun soket ɗin.

Ga wani abu da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba amma ya shafe ku kai tsaye. Motar da ke ɗaukar gero da gyaɗa gidan ɓera ce, bayan dashbod kuma nan ya fi so ya yi sheƙa. A zura damin wayoyin cikin tiyon roba mai tauri, a toshe ramukan bango, a daina barin tsabar hatsi a cikin mota tana kwana. Takin zamani, musamman yuriya, da gishiri da kanwa, duk suna cin ƙarfe in sun sami laima, kada a jibge buhunsu a gaban mota kusa da akwatin. Tururin ruwan batir ma haka yake, wanda shi ne laifi na biyu na wurin da aka sa naka, Alhaji.

Kada kuma a ɓoye ta ɓoyon da sai an kwance dashbod kafin a kai gare ta. A-kori-kura ba ta rabuwa da mai walda, yau bodi gobe sifirin, kuma kafin a ɗosana mata wutar walda ya kamata a cire kan batir a zare soket ɗin ƙwaƙwalwa. In zare shi aikin minti biyu ne, za a yi, in na awa biyu ne, za a ce Allah Ya kiyaye a ci gaba. Tsohuwar al'adar nan ta cire kan batir mota na aiki don a gwada ko altaneta na caji, a bar ta nan ga masu kabireta: a inji mai ƙwaƙwalwa wutar na iya yin tsalle ta ƙone ta nan take. Mita ake sawa, a ga bolt 13.5 zuwa 14.5. In damin wayoyinka ya zo da soket mai ƙafa 16, wanda Amurka ta wajabta wa motoci daga 1996, Turai kuma daga 2001 ga masu fetur, a kafa shi a fili ƙarƙashin dashbod, domin ta nan ake jona na'urar da ke karanta ciwon inji. A haɗa fitilar gargaɗin inji ita ma. Rile da fiyus na famfon mai su zauna kusa da akwatin, kuma a bar ƙwaƙwalwa ta riƙa kunna famfon da kanta. Famfon injekta yana tura mai da ƙarfin da ya ninka na kabireta wajen sau goma, in aka haɗa shi kai tsaye da makulli, ranar da aka yi haɗari tiyo ya fashe, zai ci gaba da feshin fetur ko da inji ya mutu. Injinan Turai daga wajen 1998 kuma yawanci suna da makulli mai ɗan ƙwayar lantarki a ciki, wanda in babu shi ƙwaƙwalwa ba za ta yarda ta tada inji ba. A sayo su tare, akwati da makulli da zoben da ke karanta shi, a kuma lissafa da tsawon wayar zoben wajen zaɓen wuri.

Wanda akwatinsa na ɗakin inji ne, kuma wayoyinsa ba za su kai ciki ba, ya duba ɓangaren da salansa ta fito ya koma ɗaya ɓangaren, can sama, nesa da iskar da fanka ke turowa daga lagireto, nesa kuma da inda taya ke watso ruwa. In wuri ya matse, a sa farantin alminiyam tsakaninsa da zafin, da tazarar iska ta kowane gefe. Masu wankin mota kuma a hana su auna shi da tiyo mai ƙarfi. Wannan ita ce amsar mai wasiƙar Funtuwa, wanda ya maida motarsa mai aiki da gas aka ƙara masa akwati na biyu: ka tambayi waɗanda suka haɗa maka ko nasu na waje ne ko na ciki, ka bi ƙa'idar da muka faɗa, soket ƙasa, nesa da salansa da kwayil.

Saura ciwon motarka, Alhaji. Kada ka yi saurin sayen wata ƙwaƙwalwa. Mutuwa da zafi da tashi bayan an huce, kwayil na yin haka, sansan juyin inji na yin haka, famfon mai da ya gaji ma na yin haka. Ranar da ta sake shaƙewa, buɗe bonet ka kwance ledar ka ɗora tafin hannu a kan akwatin. In ba ka iya ƙirga biyar ba ka janye, zafinsa ya doshi digiri 60 ko ya wuce, ga wanda ake tuhuma na farko ke nan. Ka sa a maida shi ciki yadda muka bayyana, a wanke ƙafafun soket in sun yi kore, a sa mai gyaran rediyo ya buɗe murfin ya duba ko akwai kafasitar da ta kumbura ko ta yi yoyo, domin ana canja su da kuɗi kaɗan. Sa'an nan ka ɗora mata kaya ka yi tafiyar tsakar rana sau biyu ko uku. In ta daina, madalla, in ba ta daina ba, a koma kan kwayil da sansa da famfo, ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuto mana yadda ta kaya, ka kuma haɗo da lambar da ke jikin takardar akwatin.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki wasiƙun da suka taru a kan injin ban-ruwa da ke ƙin jan ruwa daga rijiyar burtsatse.